Allurar homon da Doka 851: wa ke da iznin gwada magani a jikinka?

A Aboabo da Asawase, da sauran zangonnin Kumasi, ba a rasa saurayi mai ɗaga ƙarfe da ya san inda ake samun allurar ƙara ƙwanji. Haka magidanci mai neman maganin ƙarfin maza, haka uwargidan da aka ce wata ƙwaya za ta daidaita mata al'ada ta samu haihuwa. Da yawa daga cikin waɗannan magunguna homon ne, kuma mai sayarwa hujjarsa ɗaya ce: likitocin Turai sun gwada shi. Dokar Gana ba ta karɓar wannan hujja.

Homon ɗin da muke magana a kai sinadarai ne da jiki ke haɗawa da kansa daga kitsen kolestarol, akasari a 'ya'yan maraina na namiji da kuma ma'ajiyar ƙwan mace. Manyansu uku ne: testosteron, istirojin da furojestaron. Su ke kawo balaga, su ke tafiyar da al'ada, su ke riƙe ciki, suna kuma taɓa ƙashi da jini da hanta. Kaɗan ƙwarai jiki ke buƙata, shi ya sa ƙari kaɗan yake iya birkita shi. A 1935 masu bincike a Turai suka ware testosteron, suka kuma iya haɗa shi a ɗakin gwaje-gwaje, aikin da yana cikin abin da ya kai Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka ga lambar Nobel ta 1939. A 1951 a birnin Meziko aka haɗa wani nau'in furojestaron da ake iya haɗiya, wanda ya buɗe ƙofar ƙwayar tazarar haihuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata kowa ya sani kafin ya ce dokar gwaji ta yi tsauri. A 1956 aka fara babban gwajin wannan ƙwaya a tsibirin Fotoriko, a jikin matan talakawa. An gaya musu tana hana ɗaukar ciki, amma ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi da su ba, ba a kuma faɗa musu haɗarin ba. Homon ɗin da ke cikin ƙwayar ya ninka na yau sau da yawa. Mata suka yi ta kukan jiri da amai da ciwon kai, aka yi biris da su. Uku suka rasu, ba a binciki gawarsu ba. Maganin ya yi kyau a ɗakin gwaji da jikin dabbobi, kuma daga baya ya amfani miliyoyin mata, amma an yi wa waɗancan matan zalunci.

Dokar Lafiyar Jama'a ta Gana ta 2012, wadda aka fi sani da Doka 851, ita ce ta kafa Hukumar Abinci da Magunguna, wato FDA, a madadin tsohuwar hukumar da ta gabace ta. Kashi na takwas na dokar kacokan a kan gwajin magani yake. Babu wanda zai gwada magani a jikin mutum sai da takardar izni daga FDA, kuma dokar ta haɗa da maganin gargajiya, ta haɗa har da gwaji a jikin dabba. Farfesa ne ko babban kamfani daga Amurka, layi ɗaya za su bi. Akwai kwamitin ƙwararru da ke duba buƙatar, akwai kuma kwamitin ɗa'a da dole ya amince, irin wanda Jami'ar KNUST take da shi, ko na Hukumar Lafiya ta Gana.

Ga wanda za a yi gwajin a jikinsa, nan ne dokar ta fi muhimmanci. Sai an bayyana masa manufar gwajin da illolin da ka iya tasowa, sannan ya amince da kansa a rubuce, ba tare da tilas ba. Yaro kuwa sai iyaye ko mai riƙonsa sun sa hannu. Dole mai gwajin ya yi wa mahalarta inshora saboda rauni ko cutar da ka iya samun su, kuma FDA na da ikon dakatar da gwajin a tsakiya idan ta ga haɗari. Ina roƙon iyayenmu mata musamman: in an kawo takarda da Turanci, ku ce a fassara muku da Hausa ko Asantanci, ku tafi da ita gida wani ɗanku ya karanta. Kunyar likita ba dalilin dangwala yatsa ba ce. Wanda ya shiga gwaji yana da damar fita duk lokacin da ya so, kuma fitarsa ba za ta hana a ci gaba da duba shi a asibiti ba.

Mutanen Gana sun taɓa nuna cewa wannan ba wasa ba ne. A 2015 aka shirya gwajin rigakafin Ebola a garin Hohoe. FDA ta ba da izni, amma jama'a suka tayar da ƙura, majalisa ta shiga maganar, aka dakatar. Ko me mutum zai ce game da wancan rikici, ya nuna cewa takardar hukuma ba ta wadatar idan ba a zauna da mutanen gari an yi musu bayani ba.

Akwai binciken da ba a ba ka magani a cikinsa. Ɗalibi ko likita a Asibitin Komfo Anokye zai iya neman jininka kawai don auna yawan testosteron a tsakanin masu ciwon suga, ko istirojin a matan da suka daina al'ada. Wannan ma sai da amincewar kwamitin ɗa'a da taka, kuma sakamakon yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843. Ka tambaya inda jinin zai je, ko za a fitar da shi ƙasar waje, da ko sunanka zai bi shi.

Sai kasuwa, inda tamu matsalar take. Kashi na bakwai na Doka 851 ya hana kowa haɗawa, shigowa ko sayar da maganin da FDA ba ta yi wa rajista ba. Ya kuma hana tallata magani ga jama'a da sunan yana warkar da wasu cututtuka da dokar ta lissafa, cikinsu akwai rashin ƙarfin namiji da cututtukan da suka shafi haihuwa. Mai lasifika a kasuwar Kejetia da ke rantsuwa cewa kwalbarsa na sa mace ta haihu, ya taka doka tun kafin ya sayar da ko ɗaya. Hukuncin ba ƙarami ba ne: tara daga ma'auni 7,500 zuwa 15,000, kowane ma'auni sidi 12, wato sidi 90,000 zuwa 180,000, ko ɗaurin shekara 15 zuwa 25, ko duka biyun. Testosteron kuma ba a bayar da shi sai da takardar likita, don haka ƙaramin shagon magani na unguwa ba shi da iznin sayar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne magidancin da ke yi wa kansa allurar testosteron don ya samu haihuwa. Binciken da aka yi ya nuna akasin haka. Idan ƙwaƙwalwa ta ga testosteron ya yi yawa a jini, sai ta daina aika saƙon da ke sa maraina aiki, ƙwayoyin maniyyi su ragu ƙwarai, wani ma su ɗauke gaba ɗaya na watanni. Har gwada shi aka yi a matsayin maganin hana haihuwa na maza. Ga kauri da yake sa wa jini, ga hawan jini, ga girman nono a wasu samarin. Sai a shekara ana ɗora wa matar laifi, ana kai ta daga wannan mai magani zuwa wancan. Likita ba ya rubuta testosteron sai ya auna jini da safe, yawanci sau biyu, ya tabbatar da gaske ya yi ƙasa.

Duk wanda ya riga ya yi amfani da irin wannan allura ko ƙwaya, kada ya jefar da kwalin. Ya kai wa likita ya ga abin da ke ciki, ya duba ko akwai lambar rajistar FDA a jiki. Hukumar na da ofishi a nan Kumasi, tana kuma karɓar rahoton illar magani ta manhajar waya mai suna Med Safety, wadda aka ƙaddamar a 2019, kuma ba sai ma'aikacin lafiya ne zai iya turawa ba.