Rediyon sha'awa a Ghana: rajistar ganawa, gasa da kiran nesa da ƙaramin ƙarfi

Rediyon sha'awa wani fanni ne na sadarwa wanda ɗaiɗaikun mutane masu lasisi suke amfani da na'urar aikawa da karɓar saƙo domin su gana da takwarorinsu na kusa da na nesa, ba don neman kuɗi ba, sai don koyo da gwaji da kuma agaji idan wata masifa ta katse hanyoyin sadarwa. Mai sauraro a Nima ko Sabon Zango a Akra, ko a Asawase da Aboabo a Kumasi, ya daɗe da sanin gajeren zango ta hanyar sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus a kan mita 16 da 19 da 25. A tsakankanin waɗannan wurare akwai 'yan siraran filaye, kamar mita 40 da 20 da 15 da 10, waɗanda yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta ware wa masu wannan sha'awa. A nan ba a sa kiɗa, ba a yin talla, kuma mai saurare shi ma mai magana ne.

Kowace tasha tana da lambar kira wadda farkonta yake nuna ƙasarta. Ta Ghana tana farawa da 9G, ta Najeriya da 5N, ta Nijar da 5U, ta Togo da 5V, ta Burkina Faso da XT. A zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake kiran ƙasar Gwalkwas, tashoshinta suna farawa ne da ZD4. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCA, wadda aka kafa da dokar 1996, ita ce take ba da lasisi a yau.

Tarihi

A watan Disamba na 1901 Guglielmo Marconi ya bayyana cewa ya ji harafin S da aka aiko daga Poldhu a Ingila yana zaune a Newfoundland, a ƙetaren Tekun Atlantika. Wasu masana suna shakkar ko abin da ya ji ke nan, amma labarin ya isa ya sa matasa da yawa a Turai da Amurka suka shiga harhaɗa na'urorinsu a gida. Da cunkoso ya yi yawa, sai dokar rediyo ta Amurka ta 1912 ta tura su zuwa zangon da bai wuce mita 200 ba, wurin da a lokacin ake ganin ba shi da wani amfani ga jiragen ruwa da kamfanoni. Wannan korar ce ta zama musu alheri, domin a can ne suka gano cewa gajeren zango yana kai wa nesa fiye da dogo, kuma da wuta kaɗan.

Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, wato ARRL, wadda Hiram Percy Maxim ya jagoranci kafa ta a 1914, ta tura Paul Godley zuwa Ardrossan a Sikotland a Disamba 1921, inda ya kafa tanti ya ji tashoshin Amurka da dama, ciki har da 1BCG ta jihar Connecticut. Ji kawai ya yi, bai mayar da amsa ba. Ganawa ta farko ta ɓangare biyu tsakanin masu sha'awa a ƙetaren Atlantika ta auku ne a ƙarshen Nuwamba 1923, tsakanin Léon Deloy mai lamba 8AB a birnin Nice na Faransa da Fred Schnell mai lamba 1MO, tare da John Reinartz, a kan zango na kimanin mita 110. Ba a cika shekara ba, a Oktoba 1924, wani matashi mai suna Cecil Goyder a Landan ya gana da Frank Bell a New Zealand, wato kusan iyakar nisan da za a iya samu a bayan ƙasa. A 1925 aka kafa ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, wato IARU, a Paris, kuma ranar 18 ga Afrilu ta kowace shekara ake tunawa da kafuwarta.

A Gwalkwas kuwa, rediyo ya shiga rayuwar jama'a ne a 1935 da tashar ZOY ta Akra a zamanin Gwamna Arnold Hodson, wadda daga baya ta riƙa watsa shirye-shirye da harsunan ƙasar har da Hausa. Wannan tasha ta gwamnati ce, ba ta masu sha'awa ba.

Rajistar ganawa

Littafin rajista shi ne ginshiƙin wannan fanni, domin maganar da aka yi ta iska ba ta barin sawu, kuma ba a karɓar iƙirarin mutum cewa ya gana da Japan ko Burazil sai abin da ya rubuta ya yi daidai da abin da wancan ya rubuta. A kowane layi ana sa kwanan wata, da lokaci, da zangon da aka yi magana a kai, da hanyar da aka bi, wato murya ko bugun Mos irin na tangarahu ko saƙon kwamfuta, da lambar kiran abokin ganawa, da rahoton yadda kowa ya ji ɗan'uwansa. Rahoton yana bin tsarin RST wanda ya samo asali a wajajen 1934: fitar magana daga 1 zuwa 5, ƙarfin sauti daga 1 zuwa 9, sannan tsabtar sautin Mos daga 1 zuwa 9. Wanda aka ba 599 an ji shi sarai ke nan.

Lokaci kuwa duk duniya da agogo ɗaya ake rubuta shi, wato UTC, wanda a aikace daidai yake da GMT. A nan Ghana tana da wani sauƙi da Najeriya da Nijar ba su da shi. Duk wanda ya saba jin mai gabatarwa yana cewa "agogon GMT da Ghana" ya san cewa agogon bangon ɗakinsa a Kumasi shi ne agogon rajista, rani da damina, alhali mai tasha a Kano ko Yamai sai ya cire awa ɗaya, kuma idan dare ya raba yana iya kuskuren kwanan watan ma. Layin Greenwich kansa ta Tema ya ratsa. Saboda haka, a tsarin Maidenhead da aka amince da shi a 1980 don rarraba taswirar duniya gida-gida, Akra ta faɗa gidan IJ95, Kumasi IJ96, amma wanda ya ɗan matsa gabas da layin ya riga ya shiga JJ05.

A da, tabbatar da ganawa da kati ake yi, wanda ake kira QSL. Kowa yakan buga nasa, ya rubuta bayanan ganawar ya aika ta gidan waya, ko ta ofishin ƙungiyar ƙasarsa wadda take tara katuna ta tura su a dunƙule, abin da kan ɗauki watanni ko shekaru. Da waɗannan katuna ake neman lambar yabo ta DXCC, wadda ARRL ta fara bayarwa a 1937 ga wanda ya tabbatar da ganawa da ƙasashe da yankuna 100. Jerin yanzu yana da 340. Tun 2003 akwai rumbun intanet na LoTW, inda kowa yake ɗora rajistarsa, kwamfuta ta haɗa layukan da suka dace. Har yanzu wasu sun fi son katin takarda.

Gasa

Gasa ita ce a yi ganawa da tashoshi mafi yawa a wurare mafi yawa cikin ƙayyadajjen lokaci. Ana danganta asalinta da gwaje-gwajen ƙetare teku na shekarun 1920. Wadda ta fi tara jama'a ita ce CQ World Wide, da aka fara a 1948: ta murya a cikakken ƙarshen mako na ƙarshe a Oktoba, ta Mos a irinsa na Nuwamba, kowace awa 48, a kan mita 160 da 80 da 40 da 20 da 15 da 10. Zanguna uku da aka ƙara a taron 1979, wato mita 30 da 17 da 12, an bar su babu gasa. Abin da ake musaya rahoto ne da lambar shiyya, domin an kasa duniya shiyya 40, Ghana da maƙwabtanta suna cikin ta 35. Ganawa guda ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, kuma kusan kowa cikakken rahoto, wato 59 a murya ko 599 a Mos, yake bayarwa ko da da ƙyar ya ji, al'adar da masu suka suke cewa ta zubar da ma'anar rahoton.

Lissafin maki ne ya sa Afirka ta Yamma ta yi farin jini. Ganawa da wata nahiya maki 3 ce, da wata ƙasa a nahiya ɗaya maki 1, sannan a ninka jimla da yawan ƙasashe da shiyyoyin da aka samu a kowane zango. Bajamushe da ya gana da Bafaranshe maki 1 ya samu, amma tasha a Akra duk Baturen da ta kama maki 3 ne, haka ma Ba'amurke, ga shi kuma dubban mutane suna neman 9G domin ninka nasu makin. Wannan ne ya riƙa jawo baƙi, irin su ƙungiyar VooDoo ta 'yan Ingila da Amurka, wadda tun shekarun 1990 ta yi ta shiga gasar Mos daga yankin da lambobi kamar 9G5AA a Ghana da 5V7A a Togo. Bayan gasa ana aika rajista a wani tsarin rubutun kwamfuta mai suna Cabrillo cikin 'yan kwanaki, alƙalai su gwada ta da ta sauran. Lambar da aka rubuta ba daidai ba, ko ganawar da babu ita a littafin ɗaya ɓangaren, ana soke ta a kuma zabtare maki.

Kiran nesa da ƙaramin ƙarfi

QRP asalinta gajeriyar alama ce ta masu bugun tangarahu mai nufin a rage ƙarfi. A yau tana nufin aiki da wat 5 ko ƙasa da haka a Mos, wasu ƙungiyoyi kuma suna yarda da wat 10 a murya, alhali na'urar da aka saba saye wat 100 take fitarwa. Ƙungiyar QRP ARCI ta Amurka, wadda aka kafa a 1961, tana da lambar yabo ga wanda ya kai mil 1,000 da kowane wat, kuma a Ingila wani limamin coci, George Dobbs, ya kafa G-QRP a 1974.

Abin da ya sa hakan yake yiwuwa shi ne ba ƙarfin na'ura ne kaɗai yake kai saƙo ba. A sama akwai shimfiɗun iska da hasken rana yake caja, waɗanda ake kira ayonosfiya, kuma su ne suke lanƙwaso gajeren zango ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomita, ya sake tashi ya sake dawowa. A ma'aunin ƙarfin sauti na 1 zuwa 9, kowane mataki ninki huɗu ne na wuta, don haka sauka daga wat 100 zuwa 5 mataki biyu da ɗan ɗoriya kawai yake ci: wanda ake ji a 9 zai koma wajen 7. Idan hanya a buɗe take, wannan ya wadatar. Idan kuma a rufe take, ko wat 1,000 ba zai buɗe ta ba. Buɗewar tana bin sa'o'in yini, musamman fitowar rana da faɗuwarta, tana kuma bin zagayen tabon rana na kimanin shekara 11, wanda na 25 ya fara a Disamba 2019. Akwai masu cewa idan mai wat 5 ya kai nesa, yabon ya fi dacewa da mai babbar eriya a ɗaya ɓangaren da ya iya tsamo raunannen sautin.

A 2017 Joe Taylor, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, da Steve Franke suka fito da wata hanyar ganawa mai suna FT8, inda kwamfutoci biyu suke musayar gajerun saƙonni duk daƙiƙa 15, suna karanta abin da kunne ba ya iya ji cikin hayaniya. Ana jayayya kan ko wannan ganawar mutane ce ko ta injuna.

A unguwannin zango na Akra da Kumasi, matsalar fili ta fi ta wuta. Eriyar waya ta mita 20 tsawonta kimanin mita 10 ne, ana iya ɗaure ta tsakanin bango da bishiya, amma ta mita 80 tana neman kusan mita 40, abin da gidan haya mai cunkoso ba ya bayarwa. Janareto da cajojin waya da ƙwayayen fitila na zamani suna cika na'ura da ƙara, tsawar damina kuma tana toshe mita 160 da 80. Ɗaukewar wuta, wadda 'yan Ghana suke kira dumsor, ba ta cika damun mai wat 5 ba, tunda ƙaramin batir da faifan sola sun ishe shi yini guda. Bakin teku yana da nasa amfani, domin ruwan gishiri yana taimaka wa saƙo ya tashi ƙasa-ƙasa zuwa nesa, kuma kusancin ƙasar da tsakiyar duniya yana sa mita 6 ya riƙa buɗewa da yamma a wasu watanni.

Tauraron ɗan'adam

GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations da ke Koforidua, wanda aka saki a falaki a 2017, ya yi aiki a zangon masu sha'awa. Tauraron Es'hail-2 na Katar, wanda aka harba a 2018, yana ɗauke da na'urar masu sha'awa mai suna QO-100 da ake iya kamawa daga ko'ina a Ghana dare da rana.