Rigakafin fakat ba ya warkar da kazar da ta riga ta kamu

Da hunturu ya kama a Jos, masu kaji sukan ruga neman allurar rigakafi bayan kaji sun fara gyangyaɗi, suna zawo kore, wasu wuyansu ya murɗe, wato alamun fakat, cutar kaji da ake kira Newcastle. A lokacin an makara. Rigakafi ƙwayar cutar ce da aka raunana, ana ba wa lafiyayyar kaza don jikinta ya koyi yaƙarta, kuma garkuwar kan ɗauki kusan mako 2 kafin ta kafu. Ba wa kazar da ke jinya ƙara mata nauyi ne kawai.

Kafso ɗin nan ja da rawaya ma ba ya kashe fakat. Bakteriya yake kashewa, fakat kuwa bairos ne. Ga asarar kuɗi, ga ragowar magani a ƙwai da nama.

Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana sarrafa rigakafin, irin su Lasota, amma wajen bayarwa ake ɓata shi. A ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ɗauko shi cikin ƙanƙara. Da yake a ruwan sha ake ba su, a hana kaji ruwa na awa 1 zuwa 2 don su ji ƙishi. Kada a dama da ruwan famfo mai kulorin, yana kashe ƙwayar. A buɗe kwalbar a cikin ruwan, a ajiye mazuban a inuwa, su shanye kafin awa 2. Kajin gida a maimaita musu duk wata 3 zuwa 4.