Kanibal a Italiya ya wuce birnin Benis

Da yawa in an ce bikin Kanibal na Italiya, wato shagalin da ake yi kafin azumin Kiristoci, Benis kawai suke hangowa, da fuskokin adonta masu tsada. Alhali bikin Benis ya mutu a 1797, sai a 1979 aka farfaɗo da shi.

A ƙauyukan lardin Abelino, kudancin ƙasar, talakawa na yin wasan kwaikwayon Kanibal mai suna Zeza a kan titi kafin azumin Kiristoci na kwana 40. Maza ne ke taka kowace rawa, har ta amarya. A cikin wasan, wani tsoho mai suna Pulcinella ya hana saurayi Don Nicola 'yarsa, matar tsohon, Zeza, kuwa ta ƙulla auren, dole tsoho ya sallama. Abin takaici, baƙi ba su cika zuwa kallonsa ba.