Waiwaye: Yadda Aka Kori Harshen Uwa Daga Ajin Turanci, da Yadda Ya Dawo

A 1913 Jami'ar Cambridge ta shirya jarrabawarta ta farko ta Turanci domin waɗanda ba harshensu ba ne. Mutum uku suka zauna mata, aka kwashe awa 12 ana fafatawa, kuma babu ko ɗaya da ya haye. Cikin takardun da aka ba su akwai ta fassara, daga Turanci zuwa Faransanci ko Jamusanci, da kuma daga can zuwa Turanci. A ganin mutanen wancan zamani, wanda ya iya baƙon harshe shi ne mai iya kai magana ya dawo da ita tsakanin harsuna biyu ba ta zube a hanya ba. Shekara 50 bayan haka, malamin da aka ji yana fassara wa ɗalibai kalma a ajin Turanci sai a ce bai san aikinsa ba. Da yawa daga cikin manyan ra'ayoyin da ake karantar da sababbin malaman Turanci a yau daga wannan jayayya suka tsiro: yaya za a yi da harshen da ɗalibi ya zo da shi daga gida?

Tsohuwar hanya ita ce ta nahawu da fassara. An gaje ta daga yadda makarantun Turai ke koyar da Latin da tsohon Girkanci, harsunan da ake karantawa amma ba a hira da su. A ba ɗalibi ƙa'ida, a ba shi jerin kalmomi da ma'anarsu, ya yi ta juya jimloli. Magana ba ta cikin lissafi.

Wanda ya tona asirin wannan hanya, kuma a kan kansa, wani Bafaranshe ne malamin Latin, François Gouin. Ya tafi Hamburg don ya koyi Jamusanci, sai ya kulle kansa a ɗaki ya haddace littafin nahawu da aikatau 248 masu bauɗaɗɗen hali, sannan ya nufi jami'a ya zauna a lacca. Ko kalma ɗaya bai tsinta ba. Maimakon ya shiga cikin mutane, sai ya koma ɗaki ya rungumi ƙamus ya ci gaba da hadda. Haka ya ƙare zamansa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Da ya koma gida ya tarar da ɗan ɗan'uwansa mai shekara uku yana ta zuba Faransanci, alhali yaron bai taɓa buɗe littafi ba. Littafin da Gouin ya fitar a 1880 daga wannan takaici ya samo asali. Bayan shekara biyu wani Bajamushe, Wilhelm Viëtor, ya fitar da ƙasida yana kira da a juya akalar koyar da harsuna, a sa magana gaba da rubutu. A 1886 Paul Passy ya kafa ƙungiyar malamai a Paris, wadda ta haifar da haruffan furucin da ake gani yau a ƙamusoshi.

Abin lura shi ne waɗannan masu neman gyara ba duka suka ce a haramta harshen uwa ba. Henry Sweet na Ingila bai ga laifin a yi bayani da shi ba in da buƙata. Haramcin kai tsaye an fi saninsa da makarantun Maximilian Berlitz, wanda ya buɗe ta farko a 1878 a Providence ta Amurka. Dokarsa: ba fassara ko kaɗan, malami ya nuna abu ya faɗi sunansa, ya yi tambaya a ba shi amsa. A ganina akwai lissafin kasuwa a ciki. Idan ba a amfani da harshen ɗalibi, malami ɗaya da littafi ɗaya sun isa a koyar da kowa, daga ko'ina ya fito, kuma malamin ba sai ya wahala ya koyi yaren kowa ba.

Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, wasu Turawan Birtaniya da ke aiki a Asiya suka ɗauko wata tambaya mai sauƙi: cikin ɗimbin kalmomin Turanci, waɗanne za a fara da su? Harold Palmer ya je Japan a 1922, Michael West kuma yana Bengal. Aikinsu ne ya kai ga jerin kalmomi kusan 2,000 mafi amfani da West ya buga a 1953. Abokin aikin Palmer, A. S. Hornby, ya haɗa ƙamus na musamman domin masu koyo, wanda Oxford ta fitar a 1948. Sun bar wa malamai ra'ayin cewa darasi a tsara shi daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Sai yaƙi ya zo da nasa gaggawar. Sojan Amurka na buƙatar mutanen da za su ji harsuna da yawa cikin ɗan lokaci, a 1942 aka kafa shirin horarwa na musamman a jami'o'i. Shekara guda kafin nan Charles Fries ya buɗe cibiyar koyar da Turanci a Jami'ar Michigan. Daga waɗannan aka samu hanyar ji-ka-maimaita, wadda ta mamaye shekarun 1950 da 1960. Ta jingina ne ga masanan da ke cewa harshe ɗabi'a ce da ake samu ta yawan maimaici, irin su B. F. Skinner. Malami ya faɗi jimla, aji ya amsa baki ɗaya, ya canza kalma guda, su sake amsawa. Kuskure kuwa mugun hali ne da za a kashe tun yana ƙarami. Ina kuskuren ke fitowa? Robert Lado ya amsa a 1957: daga harshen uwa. Balarabe na haɗa p da b, Bajapane na rikita r da l, don haka a kwatanta harsunan biyu a gano wurin tuntuɓe tun da wuri. A nan harshen uwa ya tashi daga abin da ba a buƙata ya zama mai laifi.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ɗalibai na amsa jimloli lafiya lau a aji, amma da sun fita aka yi musu tambayar da ba ta cikin kaset sai su yi tsuru-tsuru. Karatun aku ke nan. A 1959 Noam Chomsky ya ragargaji littafin Skinner, yana cewa ɗan Adam na ƙirƙirar jimlolin da bai taɓa ji ba, kuma maimaici ba zai bayyana hakan ba.

Juyin da ya fi muhimmanci ga malamin aji ya zo a 1967, lokacin da Pit Corder na Jami'ar Edinburgh ya ce a daina kallon kuskure a matsayin datti, a karanta shi a matsayin shaida. Ɗalibin da ya ce "goed" a wurin "went" bai ji shi a bakin kowa ba, kuma ba daga harshensa ya ɗauko ba. Ya gano ƙa'idar shuɗaɗɗen lokaci ne da kansa, sai ya shimfiɗa ta har inda ba ta kai ba. Wato kansa na aiki. A 1972 Larry Selinker ya raɗa wa wannan suna, harshen tsakani: tsari ne mai ƙa'idojin kansa, ba na gida ba, ba Turanci cikakke ba, yana kuma sauyawa. Shi ne kuma ya yi maganar daskarewa, inda wasu kurakurai ke kafewa ko mutum ya shekara 20 yana magana. Binciken shekarun 1970 ya nuna cewa masu harsuna daban-daban na bin kusan jeri ɗaya wajen kama wasu ƙa'idoji. Harafin s na ƙarshen "he goes", alal misali, ana koyar da shi tun farkon fari, amma yana cikin na ƙarshen zama a baki. Laifin da aka ɗora wa harshen uwa ya ragu sosai.

A daidai wannan lokaci Dell Hymes ya ce sanin nahawu bai isa ba, sai an san me za a faɗa, ga wa, a ina, da wace murya. Wannan sanin ya-kamata a magana shi ya zama ginshiƙin hanyar sadarwa, wadda har yau ita ce a bakin kowa. Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar da manhaja a 1975 da aka gina kan buƙatu, kamar neman izini da ba da haƙuri da tambayar hanya. An yi wasu hanyoyi masu ban mamaki a shekarun nan, har da mai sa wa ɗalibai kiɗa su kishingiɗa, amma ba su yi nisa ba.

Stephen Krashen, a farkon shekarun 1980, ya raba tsintar harshe da koyon harshe. A wurinsa tsintar ce ke sa baki ya buɗe, kuma tana samuwa ne idan mutum na jin magana mai ma'ana wadda ta ɗan ɗara matsayinsa kaɗan, muddin tsoro da kunya ba su toshe zuciyarsa ba. Malamai sun so wannan magana ƙwarai. Sai dai Merrill Swain ta duba yara masu Turanci a Kanada da suka shekara da shekaru ana koya musu darussa da Faransanci, ta ga suna ji sarai amma nahawunsu na ɗingishi. A 1985 ta ce ji kaɗai bai wadatar ba, sai an matsa wa ɗalibi ya yi magana ya yi rubutu, ya ga gibinsa da idonsa. A Bangalore kuma N. S. Prabhu ya gwada ba yara aiki, kamar karanta jadawalin jirgin ƙasa ko bin taswira, harshen ya biyo baya. Jim Cummins ya ƙara wani gargaɗi da iyaye ke yawan mantawa: yaro baƙo kan iya Turancin filin wasa cikin shekara biyu, amma Turancin karatu kan ci shekara biyar zuwa bakwai, kuma wanda ya yi ƙarfi a harshensa ya fi saurin kama na biyun.

Duk da haka haramcin harshen uwa a aji bai mutu da sauri ba. A 1992 Robert Phillipson ya koma kan taron ƙasashen renon Ingila da aka yi a Makerere ta Yuganda a 1961, ya zaƙulo aƙidoji biyar da ya ce a kansu aka gina sana'ar koyar da Turanci, ya kira su ruɗu. Biyu daga ciki: wai Turanci da Turanci kaɗai ake koyar da shi, wai kuma malamin ƙwarai shi ne wanda aka haifa da harshen. Kafin nan Braj Kachru ya riga ya nuna, a 1985, cewa Turancin Indiya ko na Singafo ba gurɓataccen na Landan ba ne, iri ne mai zaman kansa. Yau masu Turanci a matsayin harshe na biyu sun ninka 'yan asalinsa yawa. Jennifer Jenkins ta bi hirarrakinsu a 2000 ta ga cewa sautin th, wanda malamai ke shan gumi a kansa, ba kasafai rashinsa ke hana fahimta ba.

Ma'aunin Majalisar Turai na 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, shi ake bi yanzu a jarrabawa da littattafai da yawa. A bugun ƙarin da ya fito a 2020 an cire ɗan asalin harshe daga matsayin abin auna ɗalibi, aka kuma faɗaɗa wani sashe kan shiga tsakani: ɗalibi ya karanta takarda da wani harshe ya bayyana ta da Turanci, ko ya yi wa mutum biyu tafinta. Da mutum ukun nan na 1913 za su ga wannan sashe, da sun gane takardarsu.