Harkar gidajen zama a Najeriya da inda ta dosa

Harkar gidajen zama ita ce duk abin da ya shafi saye da sayar da fili, gini, haya da dillancin gidajen da mutane ke kwana a ciki, ba shaguna ko ofisoshi ba. A Najeriya yawancin gidaje ba kamfani ne ke gina su ba, mutum ne da kansa zai sayi fuloti, ya zuba bulo bana, baɗi ya kai linta, ya jira kuɗin kwano, wani sai ya shekara 10 kafin ya tare.

Babban abin da ke juya harkar yanzu tsadar kayan gini ne. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, rodi da kwano da tayil duk suka tashi, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. To shi ya sa gida ke ta ƙanƙancewa, fuloti ɗaya sai a tsaga shi biyu ko huɗu, zaure da tsakar gida mai faɗi suna ɓacewa, ana komawa ciki da falo da banɗaki a ciki don a zuba 'yan haya. Wannan asara ce ba ƙarama ba, don a tsakar gidan nan ake shanya, ake girki, yara ke wasa.

Sai kuma fita bayan gari. Ma'aikacin Abuja da haya ta fi ƙarfinsa yana kwana a Mararaba, Masaka ko Suleja, a Kano kuwa gonakin Kumbotso da Ungogo ne ke zama unguwanni, da yawa awon igiya, babu kwata babu titin kirki, kuma rashin tsaro a karkara na ƙara turo mutane birane irin su Gusau da Katsina. Mai neman gida yanzu kafin ya tambayi yawan ɗakuna sai ya tambayi akwai bohol, akwai sola, ruwa na kwanciya da damina? Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle, ta sa tambayar ƙarshen nan ta ƙara nauyi.

Takarda ma na canzawa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da shaidar mallaka, yanzu hukumomi irin su AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano suna saka bayanan filaye a kwamfuta, dillalai kuma sun koma tallan gida a WhatsApp da TikTok.

Bashin gida shi ne har yanzu bai kai ga talaka ba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 na albashi, bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayya, wato FMBN, ya ba da rance da ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30, amma ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ba su cika shiga ba, mutane da dama a Arewa kuma suna gudun kuɗin ruwa, shi ya sa bankunan Musulunci kamar Jaiz da TAJ ke samun masu neman gida ta hanyar ijara (banki ya sayi gidan ya ba ka haya har ka mallaka) da murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ribar da aka amince, ka biya kaɗan-kaɗan). A ɓangaren gina gidaje kuwa, gwamnatin tarayya ta aza harsashin rukunin gidaje 3,112 a Karsana, Abuja, a Fabrairun 2024.