Tarika: Abin da Fasto Ya Bari da Abin da Aka Ba Shi Amana

A ɗauka fasto ne a wani ɗan tsibiri, masu zuwa sujada a cocinsa ranar Lahadi ba su wuce hamsin ba. Ya shekara talatin yana yi musu baftisma, yana ɗaura musu aure, yana binne musu matattu, ran nan aka wayi gari shi za a binne. An gama zaman makoki, baƙin da suka ƙetaro ruwa sun koma. Sai ga babban ɗan marigayi yana kwance kwalekwalen da mahaifinsa ke zagaya ƙauyuka da shi, ga kuma wani dattijon ikilisiya a bakin gaɓa yana tambaya, ina za a kai jirgin coci? Yaro ya ce na babansa ne, da guminsa ya saya. Dattijo ya ce to, injin fa? Da kuɗin baiko, wato sadakar da masu sujada ke bayarwa a coci, aka sayo shi. Babu maƙaryaci a cikinsu, kuma a nan ne kalmar tarika take shigowa.

Tarika ararriyar kalma ce daga Larabci, tushenta yana nufin bari. Kada a rikita ta da ɗariƙa, babu abin da ya haɗa su sai kamar lafazi. Tarika ita ce duk abin da mamaci ya mallaka ranar da ya cika: gida, fili, kuɗi, tufafi, littattafai, har da bashin da yake bin mutane. Jama'a sun fi sabawa da cewa gado, amma akwai tazara tsakaninsu. Gado shi ne abin da ya kai hannun magada. Kafin a kai nan, daga tarika ake fitar da kuɗin jana'iza da na hidimar rabon, a biya bashi, a zartar da wasiyya, abin da ya saura shi ake rabawa. Wanda ya karanta fiƙihu ya san wannan jerin, kuma dokokin da ƙasashe da yawa suka gada daga Ingila kusan haka suke bi. Ana iya samun tarika mai kauri gado ya zama babu, idan bashi ya cinye ta.

Ga yawancin mutane aikin farko, wato ƙididdige abin da mamaci ya mallaka, ba shi da wuya. Ga faston ƙaramin coci nan ne ruwa yake ƙare wa ɗan kada. Mutum ne da rayuwarsa da aikinsa suka cakuɗe tsawon shekaru, har shi kansa da za a tashe shi a tambaye shi, ba lallai ya iya cewa wannan janareta nawa ne, wannan lasifika ta coci ce ba. Ƙa'idar kuwa a fili take: abin da mutum ya riƙe amana ba ya shiga tarikarsa, ko da sunansa ne a kan takarda.

Gida shi ne ya fi ciwo. A ikilisiyoyi da yawa gidan da fasto yake zaune na coci ne, an ba shi ne saboda muƙami, kuma muƙamin yana ƙarewa da numfashinsa na ƙarshe. Matar da ta haifi 'ya'yanta a wannan gida, ta dasa itatuwan da ke tsakar gidan, sai ta ga ana maganar fenti domin sabon fasto. Zanen aro ba ya rufe katara. Matsalar tsohuwa ce ƙwarai. A Sukotland, ƙasar da ke da tsibirai masu ƙananan majami'u birjik, dokar 1672 ta tabbatar wa iyalan malamin coci da ya rasu ƙarin albashin rabin shekara, wanda suke kira annat, rabi na matar, rabi na 'ya'ya. Abin lura shi ne a wancan zamani ba a lissafa kuɗin a cikin tarikar marigayi, saboda haka masu binsa bashi ba su da hannu a kai, shi ma ba shi da ikon yin wasiyya da shi. Amma rabin shekara ba ta riƙe gwauruwa mai ƙananan yara. Shi ya sa a 1744 aka kafa asusun gwaurayen malaman coci, bisa lissafin wasu malaman coci biyu na Edinbara, Robert Wallace da Alexander Webster, tare da masanin lissafi Colin Maclaurin. Sun ƙirga malamai nawa ke mutuwa a shekara, mata nawa suke bari, shekara nawa matan ke yi bayansu, sannan suka yanke abin da kowa zai riƙa zubawa. Masu tarihin inshora har yau da wannan asusu suke buga misali. A 1759 aka kafa irinsa a Filadelfiya ta Amurka. Kuɗin irin wannan asusu, da na inshorar rai da aka rubuta sunan mai karɓa, yawanci kai tsaye suke zuwa hannun wanda aka ambata, ba sa bi ta tarika.

Sai asusun banki. Ƙaramin cocin da ba a yi wa rajista ba, ba shi da sunan da doka ta sani, don haka sau da yawa da sunan fasto ake buɗe asusu, kuɗin ginin sabon zaure da ɗan albashinsa su kwana wuri ɗaya. Da zarar banki ya sami labarin rasuwa sai ya rufe asusun har sai an kawo takardar kotu. A idon banki kuɗin na marigayi ne. Ikilisiya ce za ta kawo hujjar cewa amana ce: littafin ma'aji, rubutaccen bayanin taron dattawa, rasit, shaidar waɗanda suka ba da gudummawa. Inda babu ko ɗaya, sai dai a dogara da tsoron Allah na magada.

Akwai ɗaya ɓangaren, kuma a ganina shi aka fi dannewa. Ikilisiya takan yi saurin tuna abin da ke nata a hannun fasto, ta manta abin da ke nasa a hannunta. Albashin watanni takwas da aka ce ya yi haƙuri sai an samu, bashi ne, kuma yana cikin tarika. Kwanon rufin da ya saya da kuɗin aljihunsa bayan guguwa, aka ce za a mayar masa, shi ma bashi ne idan an yi haka da shi. Matar marigayi takan ji nauyin tambaya, don kada a ce ta kai ƙarar gidan Allah. Aikin mai kula da tarika ne ya tambaya a madadinta, ba tare da kunya ba.

Kyauta kuma niyyar mai bayarwa ake dubawa. Agogon da aka ba shi ranar cikarsa shekara ashirin da biyar a bakin aiki nasa ne. Babur ɗin da aka saya domin fasto ya riƙa kai wa marasa lafiya ziyara, da wuya a ce na mutumin ne, ya fi kama da na kujerar. Kofin Jibin Ubangiji da ƙararrawa babu gardama a kansu, na coci ne.

To wa ke da ikon yin duk wannan tantancewa? Idan marigayi ya bar wasiyya, wanda ya ambata a ciki, wato wasiyyi, shi ne. Amma banki da ofishin filaye ba sa aiki da maganar baki, sai ya kai wasiyyar kotu an tabbatar da ingancinta an ba shi takarda. Wannan mataki lauyoyi ke kira furobet, daga kalmar Latin mai nufin gwadawa ko tabbatarwa. Abin sha'awa, a Ingila kotunan coci ne suka riƙe wannan aiki ɗaruruwan shekaru, sai da dokar 1857 ta fara aiki a Janairun 1858 aka mayar da shi hannun kotun gwamnati. Yau ko wasiyyar bishop ce, gaban alƙalin ƙasa take zuwa. Idan babu wasiyya, kotu takan naɗa mai kula da tarika, galibi matar ko babban ɗa, a raba bisa tsarin da dokar ƙasar ta shimfiɗa. Coci ba ya cikin wannan tsari. Ko da marigayi ya sha faɗa daga kan mumbari cewa littattafansa na makarantar Lahadi ne, in bai rubuta ba, sai abin da magada suka ga dama.

Rubutun ma da sharuɗɗansa. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ƙasashe da tsibirai da dama da Ingila ta mulka suka kwaikwaya, ta ce a rubuta, mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda. Idan shaida, ko mijinta ko matarsa, yana cikin waɗanda aka yi wa kyauta a wasiyyar, wasiyyar tana nan amma kyautarsa ta faɗi. Ka yi tunanin tsibirin da kowa surukin kowa ne. Fasto ya kira maƙwabta biyu da ya fi yarda da su su sa hannu, ashe ɗayan mijin 'yarsa ne, ya hana ta rabonta ba da saninsa ba. A ƙarƙashin wannan doka kuma sabon aure yana rushe tsohuwar wasiyya, abin da kan faɗa wa faston da matarsa ta rasu ya sake aure da tsufa.

Wani fasto zai so ya bar wa coci duk abin da ya mallaka. Ba ko'ina doka ke bari ba. A Faransa, da tsibiranta irin su Martinik da Reyuniyon, akwai kason 'ya'ya da wasiyya ba ta taɓawa: rabi idan ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku idan biyu ne, kashi uku cikin huɗu idan uku ne ko fiye. A Sukotland, idan akwai mata da 'ya'ya, matar tana da sulusin dukiyar da ba ƙasa ko gini ba, 'ya'ya ma sulusi, ko me wasiyya ta ce. Wanda ya san iyakar sulusi a wasiyyar Musulunci ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ƙasa ita ce inda zaman tsibiri ya fi nuna kansa. Ɗauki ƙasashen tsibiran tekun Fasifik. A Banuwatu tsarin mulkin 1980 ya ce dukan ƙasa ta masu ita na gargajiya ce da zuriyarsu. A Samowa kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasa ta dangi ce, ba a sayar da ita. A Tonga ƙasa ta sarauta ce. A irin waɗannan wurare fasto zai iya gina ɗaki da kuɗinsa a filin da wani dangi suka ba coci aro tun zamanin kakanni, ya zama ginin yana da mai shi, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma ba ta taɓa zama tasa ba balle ta shiga tarika. A tsibiran gaɓar Karolaina ta Kudu da Jojiya a Amurka, inda al'ummar Gula Gici, zuriyar bayin da aka kawo daga Afirka, suke, matsalar ta zo ta wata fuskar. Kakanni sun mutu babu wasiyya, fili ya zama na jikoki da tattaɓa kunne gaba ɗaya ba tare da an raba ba, mutum ɗaya ya sayar da ɗan kasonsa ga baƙo, baƙon ya nemi kotu ta sa a yi gwanjon filin duka. Iyalai da yawa sun rasa ƙasarsu ta haka. A 2010 aka tsara dokar samfuri, wadda kowace jihar Amurka za ta iya ɗauka ta zama tata, da ke ba sauran magada damar fara sayen kason, Karolaina ta Kudu kuma ta amince da tata a 2016, ta sa mata sunan Clementa Pinckney, fasto kuma sanatan jiha da aka kashe a cocinsa na Charleston a 2015.

Sauran wahalhalun na nisa ne. Kotu tana babban gari, sai an hau jirgi. Rabin magada suna ci-rani a ƙetare, kowa sai an aika masa takarda ya sa hannu. Wasiyyi kuma sau da yawa dattijon coci ne, wato mutum ɗaya yana wakiltar mai bin bashi da wanda ake bi. Idan haka ta faru, mafi tsafta ya janye daga ɗaya ɓangaren, ya bar wani ya yi magana da yawun ikilisiya. Kuma kada ya yi gaggawar rabo don a ce masa mai kirki: wasiyyin da ya raba dukiya kafin ya biya bashi, aljihunsa za a iya bi.

Akwai akwatin takardu da ake samu a ƙarƙashin gadon kusan kowane tsohon fasto. Littattafan rajistar baftisma da aure da jana'iza na coci ne, a wasu tsibiran ma su ne kaɗai shaidar ranar haihuwar tsofaffi, don haka a mayar da su tun kafin a fara lissafi. Wa'azozin da ya rubuta da hannunsa yawanci na magada ne. Wasiƙun da mutane suka rubuto masa suna faɗin damuwarsu ta aure ko ta zunubi, takardar dai tana cikin kayansa, amma sirrin ba na magada ba ne, kuma a garin da kowa ya san rubutun hannun kowa, gara mutum ɗaya amintacce ya ware su kafin dangi su zauna a kan akwatin.

Kwalekwalen nan da muka fara da shi, a takardar ƙididdiga layi biyu zai ci. Jikin jirgi a sashen tarika, inji a jerin kayan da za a mayar wa ikilisiya. Da yake jirgi babu inji ba ya kai kowa ƙauyen gaba, sai a kira mai sana'ar ya ƙiyasta kuɗin kowanne, ɓangare ɗaya ya saye na ɗayan, ko a cire kuɗin injin daga albashin da marigayi yake bin coci. A rubuta, ma'aji ya sa hannu, magada su sa hannu, wasiyyi ya haɗa da sauran rasit ɗin da zai ajiye.