Yada zango a filin jirgi: ba kullum ake tsira daga biza ba

Mutane da dama sun ɗauka cewa muddin matafiyi ba zai fita daga filin jirgi ba, babu ruwansa da bizar ƙasar da ya yada zango. Wannan zato ya hana mutane da yawa hawa jirgi tun a wurin awon kaya, domin kamfanin jirgi ake ci tara idan ya ɗauko wanda takardunsa ba su cika ba.

A Amurka, ko awa biyu za ka yi, sai ka bi ta gaban jami'an shige da fice, saboda haka dole ka riƙe biza ko izinin ESTA, wanda 'yan wasu ƙasashe ke nema ta intanet a maimakon biza. Birtaniya da ƙasashen Shengen (ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya) kuma suna neman bizar wucewa daga masu fasfon wasu ƙasashe, ko da a zauren jira kawai za su zauna.

Inda aka fi faɗawa tarko shi ne tikiti biyu daban-daban. Sau da yawa jakarka ba za ta wuce kai tsaye ba, sai ka fita ka ɗauko ta ka sake miƙawa, kuma wannan fitar shiga ƙasa ce. Haka ma sauya jirgi a Faris sannan a Firankfot: tashin da ke tsakaninsu na cikin gida ne, domin Faransa da Jamus duk suna cikin Shengen, bizar shiga Shengen yake buƙata.